Yadda ake neman a ƙirƙiro sabuwar ƙaramar hukuma a Najeriya

Ƙananan hukumomi 774 ne a Najeriya, Kano na da 44, Bayelsa 8. Rabon da a ƙara ko ɗaya tun 1996, zamanin soja. Hanyar na nan a sashe na 8 na kundin tsarin mulkin 1999, sai dai tana da wuyar bi.

Da takardar buƙata ake farawa zuwa majalisar dokokin jiha. Sa hannun hakimi da dattawan gari kan ƙara mata kwarjini, amma ba shi doka ke ƙirgawa ba. Abin da take nema shi ne goyon bayan kashi biyu bisa uku na 'yan majalisar jiha masu wakiltar yankin, da kashi biyu bisa uku na kansilolinsa. Kafin a kai nan, a daidaita garin da zai zama hedikwata da mazaɓun da za a yanko, domin rigimar inda za a gina sakatariya kan raba kan masu neman tun ba a je ko'ina ba.

Daga nan sai ƙuri'ar raba-gardama, inda ake son kashi biyu bisa uku na mutanen ƙaramar hukumar da buƙatar ta fito daga cikinta su amince. Sakamakon zai zagaya majalisun ƙananan hukumomin jihar, dole mafi yawansu su yarda. Majalisar jiha kuma ta amince da kashi biyu bisa uku.

Ko an gama duk wannan, da sauran rina a kaba. Sai majalisar tarayya ta shigar da sunan cikin jerin da ke kundin, kuma a nan ake maƙalewa, don kuwa maganar kuɗi ce. Kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya ake raba wa ƙananan hukumomi, ƙarin ƙaramar hukuma ɗaya na nufin ragin kason saura. Legas ta ƙirƙiro 37 a 2003, gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, Kotun Ƙoli ta ce a 2004 ba su cika ba sai da majalisar tarayya. Har yau yankunan raya ƙasa ake kiransu, ba su da kason kansu daga Abuja.

In matsalar nisa ce kawai, ƙauye na so ya koma ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da shi, gyaran iyaka za a nema. Wannan ba ya buƙatar ƙuri'ar raba-gardama: kashi biyu bisa uku na wakilan yankunan da abin ya shafa su nema, majalisar jiha ta amince da ƙaramin rinjaye.