Yadda mazaunin Saudiyya zai halarci bikin kiɗan gargajiya na Koprivshtitsa

Koprivshtitsa ƙaramin gari ne a cikin duwatsun Sredna Gora, gabas da Sofiya babban birnin Bulgeriya, kuma tun shekarar 1965 ake gudanar da bikin kiɗa da rawa na gargajiya a filayen da ke samansa. Ana yin sa duk bayan shekara biyar a watan Agusta, sai dai annobar korona ta ɗage na 2020 zuwa 2022. A 2016 UNESCO ta sanya shi cikin kyawawan hanyoyin adana al'adu, kuma ya cancanci haka, domin yawancin masu wasan mutanen karkara ne da aka zaɓo daga yankunansu, tsofaffi da jikokinsu, suna rera abin da suka gada.

Wanda ke zaune a Jidda, Makka ko Madina ya fara da takardu. Ya tabbata iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ba ta kusa ƙarewa ba, ya nemi bizar fita da dawowa, sannan bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai da dama, tunda Bulgeriya ta shiga wannan tsari gaba ɗaya a farkon 2025. Hanya mai sauƙi ita ce jirgi zuwa Istambul, daga nan zuwa Sofiya. Masauki kuwa a kama shi da wuri, saboda garin ba ya ɗaukar jama'ar da ke kwararowa, kuma tashar jirgin ƙasa tana nesa da cikin gari, sai an ƙara da mota.

Shirin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne na kunne. Kafin tafiya mutum ya saurari kayan kiɗan har ya iya bambanta su: gaida, wadda ake busawa ta cikin salkar fatar akuya, kaval, doguwar sarewar makiyaya, tapan, ganga mai fuska biyu da ake bugawa da sanda mai kauri a gefe ɗaya da siririyar tsumagiya a ɗaya gefen, da gadulka, wadda ta yi kama da gogenmu amma a tsaye ake riƙe ta. Bugun kiɗansu ba ya tafiya daidai wa daida, wanda shi ne ke rikita baƙo. A rawar rachenitsa, alal misali, bugu biyu gajeru ne, na uku kuma ya fi su tsawo, kuma wanda ya saba tafa wannan a gida zai ji daɗin abin da ake yi fiye da wanda ya zo kallon tufafi kawai.

Idan aka kafa horo, wato rawar da ake riƙe hannuwa a jere, baƙo ya shiga daga ƙarshen layi, kada ya tsaya a gaba, domin wurin jagora ne. Maza da mata suna riƙe hannun juna a cikinta, don haka wanda bai yarda da haka ba ya tsaya gefe ya kalla, babu laifi.

A kula da abinci, saboda naman alade ya yawaita a gasassun nama. Salatin shopska da banitsa (wani gasasshen abincin fulawa mai cuku) da kindirmo sun wadatar. Idan aka tambayi mai sayarwa, a nemi amsa da baki, domin Bulgeriyawa da yawa suna girgiza kai ne idan suna nufin e. Mai son sallar Juma'a kuma ya nufi masallacin Banya Bashi da ke tsakiyar Sofiya kafin ya hau hanyar duwatsu.