Yadda ake rubuta labarin ban dariya kan budurwa, soyayyarta da ƙawayenta

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da mutane kan raina saboda yana sa dariya: budurwa ce a tsakiyarsa, tana son wani, tana da aminiyar da ta san cikinta, kuma kullum gani take kowa ya fi ta iya rayuwa. Masu raina shi ba su taɓa gwada rubuta shi ba. Sa mai karatu hawaye ba wuya, mutuwar uwar jaruma kaɗai ta isa. Amma a ce mutum ya yi ta ƙyalƙyala dariya har shafi ɗari biyu, sannan ya rufe littafin yana ƙaunar yarinyar da ya yi wa dariyar, wannan sai an yi da gaske. Idan kina da niyyar gwadawa, 'yar'uwa, ga hanyar da nake ganin ta fi ɓullewa.

Mataki na farko: ki gano abin da ke cin ta a rai

Kafin ki nemo mata saurayi, kafin ma ki raɗa mata suna, ki amsa tambaya ɗaya: wace ƙarya take gaya wa kanta game da kanta? Cewa "ba ta da ƙwarin gwiwa" bai wadatar ba, rabin mutanen duniya haka suke. Ki matse abin har ya zama nata ita kaɗai. Wataƙila ta yarda cewa duk wanda ya yabe ta tausayinta yake ji. Wataƙila tun tana ƙarama ake gwada ta da yayarta, ta tashi tana ganin ita inuwa ce kawai. Ko kuwa ta samu aiki mai kyau, amma kullum tana jiran ranar da za a gane kuskure aka yi aka ɗauke ta. Wannan ƙaryar ita ce ƙashin bayan labarin. Duk shirmen da za ta tafka daga nan zai taso.

Mataki na biyu: wa zai ba da labarin?

Ko ta bayar da bakinta, ko ta riƙa rubuta shi kullum a kundin sirrinta, ko ke ki bayar kina maƙale da tunaninta. Marubuciyar Ingila Jane Austen ta bi hanya ta uku a littafinta Emma na 1815. Jarumar ta sakankance ta iya haɗa aure, ta hana ƙawarta Harriet karɓar manomin da ke son ta da gaske, ta tura ta ga wani malamin coci, ashe shi Emman yake so. Saboda labarin yana tafiya ta cikin kan Emma, mai karatu yana jin yadda ta gamsu da kanta, a lokaci guda yana hango ramin da take dosa.

Wata marubuciyar Ingilan, Helen Fielding, kuwa kundin sirri ta zaɓa. Labarinta na Bridget Jones ya fara ne a matsayin shafi a jaridar The Independent a 1995, ya zama littafi a 1996. Jarumar kan buɗe rubutun ranar da lissafi, nauyin jikinta da yawan sigarin da ta sha. Ba a buƙaci a ce mana tana ƙyamar kanta ba, lissafin ya faɗa. Idan wannan ne littafinki na farko, ni dai shawarata ki bar jarumar ta yi magana da bakinta, domin an fi saurin kama muryar mutum idan shi ke magana.

Mataki na uku: ki buɗe tazara tsakanin abin da take gani da abin da muke gani

Nan ne aikin yake, kuma nan ne da yawa suke faɗuwa. Sukan ɗauka ban dariya shi ne a cusa wa jaruma maganganun barkwanci a baki. Dariyar da ke riƙe littafi daga wani wuri take fitowa: ita ta ɗauki abin da zafi matuƙa, mu kuma muna ganin bai kai haka ba.

Ga misali. Wanda take so ya turo mata saƙo a waya: "Yaya aiki?" Kalma biyu. Ta rubuta amsa ta goge, don ta yi tsawo, kada ya ce jiran sa take. Ta rubuta gajera ta goge, kada ya ce jan aji take. Ta duba agogo, ta yanke cewa sai minti ashirin sun wuce za ta amsa, ta ajiye wayar a ƙarƙashin matashi, ta ɗauko ta bayan minti uku. Ta fara gwada amsoshin da baki tana zagaya ɗaki, wannan da muryar wadda ba ta damu ba, wancan da 'yar dariya. Sai da ta zauna don ta tura "Lafiya lau" ta ga ashe yatsanta na kan maɓallin naɗar murya, kuma saƙon ya riga ya tafi. Ga alamar ya saurara.

Ki lura ba ta faɗi abin dariya ko ɗaya ba. Da gaske take, shi ya sa muke dariya, shi ya sa kuma muke jin kunyar tare da ita kamar ƙasa ta tsage mu shige, domin kowa ya taɓa tsayawa a kan saƙo irin wannan.

A nan zan ja kunnenki da ƙarfi. Kada dariyar ta taso daga ƙibarta, ko launin fatarta, ko talaucin gidansu, ko in'inarta. Ita tana iya damuwa da waɗannan, kuma damuwar tana iya kai ta ga shirme, amma idan littafin da kansa ya nuna ta da yatsa yana cewa "ku dube ta", ya zama wulaƙanci. Akwai budurwar da za ta karanta ta ga kanta a ciki, ta rufe littafin da ƙunci. Ba don haka kike rubutu ba.

Mataki na huɗu: ki ba ƙawar rayuwarta

Kuskuren da na fi gani shi ne a mai da aminiya kunnen sauraro kawai: ana kiran ta tsakar dare, ta ba da shawara, ta ɓace sai an sake buƙatar ta. Ki ba ta nata buri, nata ciwon da take ɓoyewa, da wani hali da ke ƙular da jaruma. Sa'annan ki bar su su ɓata. Faɗan da ya fi taɓa zuciya a irin wannan littafi sau da yawa ba na masoya ba ne. Ranar da ƙawar ta dube ta ta ce, "Wata uku ke nan kina ba ni labarinsa, kin taɓa tambayata yadda na kwana?" ranar ce jaruma za ta gane raina kai ma yakan sa mutum ya manta da kowa sai kansa. Sulhunsu ya ci babi guda cikakke, kada ki gama shi da layi biyu.

Mataki na biyar: shi kuma saurayin

Ya zama mutum mai aibi, mai nasa tsoron. Abin da zai raba su kuma ya fito daga halinsu. Idan kiran waya ɗaya zai warware saɓanin, mai karatu zai gaji da jiran kiran.

Mataki na shida: ki shuka ƙaramar ƙarya, ki bar ta ta girma

A babin farko-farko ta ce ta iya wani abu da ba ta iya ba, don kawai kada ta ji kunya. Ta ce ta iya tuƙi, misali. A babi na biyar a miƙa mata makulli, ta zille da wata ƙaryar. A na tara ƙaryar ta haifi 'ya'ya, har ƙawar ta shiga ciki tana rufa mata asiri. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar tonon ta zo a gaban duk waɗanda ta fi jin nauyinsu. Abin da kika ambata da wuri ki dawo da shi can gaba a inda ba a zata ba, mai karatu yana jin daɗin a tuna masa abin da ya sani. Sau uku ya isa, na huɗu gundura ne.

Mataki na bakwai: wuri ɗaya da babu dariya

Bayan asiri ya tonu, ki bar ta ita kaɗai shafi biyu ko uku, ba zolaya, ba wasa. A nan za ta faɗi ƙaryar nan ta mataki na farko a fili, ta ji yadda take a kunne. Kada ki sa saurayin ya zo ya gyara ta da kalmomi masu daɗi. Shi yana iya tsayawa a gefenta, amma ita za ta ɗauki wayar ta kira ƙawarta ta nemi gafara.

Mataki na takwas: gyara da kunne

Ki karanta kowane babi da ƙarfi. Inda harshenki ya sarƙe, jimlar ce ta yi nauyi. Kalmar da ke ɗauke da dariyar ki kai ta ƙarshen jimla, ki share duk bayanin da ya biyo bayanta, musamman irin su "kowa ya fashe da dariya". Daga nan ki ba wata da ba ta jin nauyinki ta karanta a gabanki, ke kuma ki riƙe kwafi da biro kina kallon fuskarta. Inda ta murmusa ki sa alama. Inda kika sa ran za ta yi dariya ta wuce shiru, ki zagaye wurin, kada ki yi mata bayani, ki koma gida ki sake rubuta shi.