Kayan ƙarfafa tsoka domin gyara bugun golf: abin da za a fara nema da yadda ake aiki da shi

Yawancin waɗanda suka fara wasan golf a nan Yamai, da zarar sun ga ƙwallonsu ba ya yin nisa, sai su ɗora laifin a kan rashin ƙarfin hannu, su nufi gidan motsa jiki suna ɗaga ƙarfe domin damtse ya cika. Ni ma ta nan na bi, na yi watanni ina wannan aiki, kuma abin da na samu shi ne ciwo a gwiwar hannu, ƙwallo kuwa bai ƙara ko taku goma ba. Wani dattijo mai ɗaukar jakar sanduna, wanda ya daɗe yana kallon bugun mutane iri-iri, shi ne ya ja ni gefe wata rana ya ce mini: "Malam, hannunka yana riga ƙugunka tafiya, shi ya sa kake wahala a banza." Wannan magana ita ce tushen duk abin da zan faɗa game da kayan atisaye, domin wanda ya gane inda ƙarfin bugu yake fitowa ba zai ɓata kuɗinsa a kan kayan da ba su da amfani ba.

Ƙwallon golf bai wuce giram 45.93 ba bisa ƙa'idar wasan, kan doguwar sandar da ake bugun farko da ita kuma yana kusan giram 200. Ke nan babu wani nauyi da ake ɗagawa. Abin da ake nema shi ne gudu. Daga lokacin da sanda ta kai ƙololuwa a bayan kai zuwa lokacin da ta sami ƙwallo, ba a cika wuce kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba, kuma a cikin wannan ɗan ƙiftawar ido ne ƙwararrun da ke buga manyan gasannin Amurka suke kai kan sanda gudun da ya haura kilomita 180 a awa, yayin da matsakaicin mai wasa na sha'awa yake tsayawa a wajejen kilomita 150. Bambancin yana cikin jerin da gaɓoɓi suke bi. Ƙafa ce take fara danna ƙasa, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo baya, sannan hannuwa, sanda ta zo a ƙarshe, kowace gaɓa tana miƙa wa ta gabanta gudun da ta tara. Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya san wannan ko da bai taɓa riƙe sandar golf ba. Tun gasar takobi ta farko, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, da aka yi a Tawa a 1975 har zuwa yau, ɗan kokowar da ke kayar da abokin karawarsa yana kafa dunduniya ne ya murɗa ƙugu, hannu kuma riƙo kawai yake yi.

Akwai wani abu game da ƙashin baya da ya kamata a sani kafin a taɓa kowane irin kaya. Ƙasusuwan kwankwaso ba a halicce su domin juyawa sosai ba, ɗan abin da suke iya murɗawa kaɗan ne ƙwarai, juyin gaske yana fitowa ne daga gaɓar kwatangwalo da kuma gadon baya inda haƙarƙari suke. Idan waɗannan wurare biyu suka sandare, kamar yadda yake faruwa ga wanda ke wuni a kan kujerar ofis ko cikin mota, sai kwankwaso ya ɗauki aikin da ba nasa ba, kuma wannan ne ya sa ciwon baya ya fi kowane rauni yawa a tsakanin masu wasan golf. Tiger Woods kansa, shahararren ɗan wasan golf na Amurka, duk da likitocin da ke kewaye da shi, sai da aka yi masa tiyata sau da dama, har aka haɗe masa ƙasusuwan baya biyu a 2017, kafin ya dawo ya ci gasar Masters, ɗaya daga cikin manyan gasannin golf na duniya, a 2019. Saboda haka kayan da za a nema su zama masu sassauta kwatangwalo da gadon baya, masu koya wa ciki da kwiɓi riƙe kwankwaso daram, sannan masu sa ƙafa da ɗuwawu su iya fizga da sauri.

Abu na farko da nake ba kowa shawara ya mallaka shi ne robar ja, wato doguwar robar nan da ake ɗaurewa a wani wuri ana ja, wadda ta fi sauran kaya araha kuma ta fi su yawan aiki. A samu guda biyu, mai taushi da mai ɗan tauri, a ɗaure a ƙarfen taga ko a gindin dogon yaro, a daidai tsayin ƙirji. Atisayen da za a fara da shi ba ya da juyi ko kaɗan, kuma da gangan ne. Mutum ya tsaya robar tana gefensa, ya buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan sassauta gwiwa, ya riƙe bakin robar da hannu biyu a ƙirji, sannan ya miƙe hannuwan gaba a hankali ya riƙe daƙiƙa uku. Robar za ta yi ta ƙoƙarin murɗa shi zuwa inda aka ɗaure ta, aikinsa shi ne ya hana, cibiyarsa tana kallon gaba ba ta karkata ba. Idan an yi daidai, za a ji kwiɓi da mara sun ɗaure tamau, kafaɗa kuma ba ta ɗagu zuwa kunne ba. A yi sau goma, a juya ɗaya gefen a yi goma, a maimaita zagaye uku.

Bayan mako biyu ana wannan, sai a shiga na biyu, wanda ya yi kama da saran gatari. A ɗaga wurin ɗaurin ya wuce kai, a jawo robar daga sama zuwa gefen gwiwar da ke nesa, amma da sharaɗin ƙugu ne zai fara motsi, dunduniyar baya ta ɗagu ta juya kamar yadda take yi a ƙarshen bugu, hannuwa kuma su biyo a miƙe. Wanda ya ji damtsensa ya gaji kafin ɗuwawunsa, to ya koma ga roba mai taushi, domin hannu ne ke yin aikin. Haka kuma ana sa gajeriyar roba a kewaye gwiwoyi a yi tafiyar gefe taku goma sha biyu kowane ɓangare, abin da ke ƙarfafa tsokar gefen ɗuwawu wadda take hana ƙugu zamewa lokacin ɗaga sanda. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, tunda wanda ya taɓa wasa a filin golf na Rio Bravo da ke kan hanyar Tillaberi ya san cewa a kan yashi da tsakuwa ƙafa ba ta samun riƙo irin na ciyawa. Sai dai a kula, zafin rana yana cinye roba. Kada a bar ta cikin mota ko a rataye a tsakar gida, kuma kafin kowane atisaye a miƙe ta a duba ko ta fara tsagewa, domin idan ta tsinke fuska take nufa. Robar cikin tayar babur da ake samu wajen mai faci tana iya maye gurbi na ɗan lokaci, amma janta ba ya tafiya daidai, kuma ta fi saurin yankewa.

Kaya na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne kusa da bugun kansa, shi ne ƙwallo mai nauyi na jifa. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, suna ganin wanda ya fi nauyi shi ya fi amfani, alhali kilo biyu zuwa huɗu ya wadatar, domin da zarar nauyi ya rage saurin jifa to manufar ta ɓace. A tsaya gefe da katanga, tazarar taku uku, a riƙe ƙwallon a daidai ƙugu, a mayar da nauyin jiki kan ƙafar baya, sannan a danna ƙafar gaba a ƙasa a wurga shi da iyakar ƙarfi. Jifa biyar ko shida a kowane gefe sun isa, a huta minti ɗaya ko biyu kafin a sake, saboda wannan atisaye na sauri ne, kuma jifan da aka yi cikin gajiya yana koya wa jiki sanyin motsi. A tabbatar katangar ta bulo da siminti ce, ta ƙasa ba za ta jure ba. Wanda bai samu na kanti ba, ya nemi tsohon ƙwallon kwando, ya ɗan tsaga shi, ya zuba busasshen yashi yana aunawa a sikeli, ya cike sauran wurin da tsummoki, ya liƙe ya naɗe da roba. Irin wannan ba ya dawowa idan ya bugi katanga, don haka ya fi kyau a fita fili a jefa shi kan yashi, a riƙa auna inda ya faɗi. Ko da mutum da hannun dama yake bugu, ya yi jifan ta ɓangarorin biyu daidai, domin golf wasa ne da ke murɗa jiki gefe guda kullum, kuma wannan rashin daidaito yana taruwa a baya.

Sai ƙarfe, wanda yana da wurinsa muddin an san tsokar da ake nufi. Dunƙulallen ƙarfen nan mai mariƙi a sama, wanda asalinsa daga Rasha ne, ya fi dacewa da wannan aiki. Namiji ya fara da kilo 12 zuwa 16, mace kuma da kilo 8. Abin da za a fara koya shi ne sunkuyo daga ƙugu: a tura ɗuwawu baya kamar mai rufe ƙofa da shi, baya a miƙe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a ɗauki ƙarfen daga tsakanin ƙafafu a miƙe tsaye ta hanyar matse ɗuwawu. Wannan shi ne ainihin tsayuwar da ake yi a gaban ƙwallo, kuma wanda ya ƙware a kai zai ga bayansa ya daina gajiya a ramukan ƙarshe, wato ƙarshen zagayen wasa. Daga nan sai tsuguno da ƙarfen a ƙirji, da tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne sau takwas, zagaye uku. Masu walda a kasuwar Katako suna iya haɗa irin wannan ƙarfe, amma a duba waldar mariƙin da kyau, a sa a goge kaifinsa, a kuma auna shi a sikeli kafin a biya. Wanda ba ya son kashe ko dala yana da jarka ko bido a gida, tunda litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, kuma yana iya ƙarawa ko ragewa yadda ya so. Ɗaukar jarka mai lita goma sha biyar a hannu ɗaya a yi tafiyar taku talatin ba tare da karkacewa ba yana ƙarfafa kwiɓi da riƙon hannu a lokaci guda.

Akwai sandunan koyon sauri da ake shigo da su daga waje, irin na kamfanin SuperSpeed, waɗanda ke zuwa uku-uku, biyu sun fi sandar wasa sauƙi ɗaya kuma ta ɗan fi ta nauyi, ana kaɗa su a iska da iyakar gudu ba tare da ƙwallo ba. Suna da amfani, amma suna da tsada, kuma ban ga dalilin taɓa su ba sai mutum ya yi aƙalla wata biyu yana aikin roba da ƙwallo da ƙarfe, domin jikin da bai shirya ba idan aka tilasta masa wannan gudu, kafaɗa ko kwankwaso ne zai biya. Kafin lokacin, juya sandar wasa a riƙe ta wajen kai a kaɗa mariƙin a iska yana ba da irin wannan horo, a riƙa sauraron inda ƙarar iskar ta fi ƙarfi, wadda ya kamata ta fito a gaban jiki, bayan wurin da ƙwallo zai kasance. Abin da nake hana mutane shi ne injin nan na gidan motsa jiki da ake zama a kai ƙugu a daskare ana murɗa ƙirji da nauyi, saboda yana tura juyin kai tsaye zuwa kwankwaso, da kuma ɗamarar lantarki da ake tallatawa cewa tana gina tsokar ciki mutum yana zaune.

Game da tsarin mako, kwana biyu ko uku sun isa, minti talatin zuwa arba'in kowace rana, a bar kwana guda tsakani domin tsoka a lokacin hutu take ginuwa. A fara da minti biyar na ɗumama jiki, a ɗora sanda a kafaɗa a juya gadon baya a hankali, a buɗe kwatangwalo, sannan a yi jifa tun jiki yana da kuzari, ƙarfe ya biyo baya, roba ta rufe. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, a yi aikin bayan sallar asuba, a sha ruwa kafin a fara da kuma tsakanin zagaye. Cikin azumi kuwa a mayar da shi bayan buɗa baki, a rage yawansa. Ba a yin ƙarfe mai nauyi ana gobe za a fita fili. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, amma ciwo mai suka a gaɓa, ko wanda ke sauka daga baya zuwa cinya tare da mutuwar ƙafa, alama ce ta a dakata a ga likita, kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi izinin likitansa tun kafin ya fara. A ajiye ɗan littafi a rubuta nauyin da aka ɗauka da yawan maimaici, sannan a farkon kowane wata a ja layi a kan yashi, a yi jifa uku ta dama uku ta hagu, a auna mafi nisa da mita a rubuta. Idan lambar ta yi wata biyu a wuri ɗaya, a ƙara kilo biyu a kan ƙarfen, a bar ƙwallon jifa a nauyinsa.