Darasi na 7: Lissafin Awannin Aiki da Wayar Hannu

Ma'aikacin ofis yana da kwamfutar da ke rubuta masa lokacin shiga da na tashi. A Legas, mai gadi a Apapa, da direban da ke sauke tumatir a kasuwar Mile 12, da mai gyaran janareta da ke zagaya Agege, ba su da wannan gatan. Waya ce a hannunsu, kuma ta wadatar, matuƙar an rubuta lokaci nan take da fara aiki. Wanda ya bari sai dare ya ce zai tuna, shi ne ake ja-in-ja da shi ranar biya.

Fara da gyara agogon wayar. Shiga saiti, wato alamar nan mai zagaye da haƙora, ka nemi wurin kwanan wata da lokaci, ka kunna madannin da ke sa waya ta ɗauki lokaci da kanta daga layin MTN, Airtel ko Glo. Wayar da aka saita da hannu takan yi gaba ko baya, musamman ƙaramar waya mai madannai idan an cire mata batir. Lokacin Legas ɗaya ne da na Kano, Yamai da Kwatano. Direban da ya wuce zuwa Lome ko Akara kuwa ya sani cewa agogonsu yana bayan namu da awa 1.

Idan wayarka tana nuna 16:30, kada ka rikice. Duk lambar da ta haura 12, cire mata 12. Ka ga 16:30 ta zama ƙarfe 4 da rabi na yamma, 19:00 kuma ƙarfe 7 na dare. Wannan tsari ya fi kyau ga masu aikin dare, domin ba a haɗa 7 na safe da 7 na dare.

Don gajeren aiki, kamar lodi ko gyara, buɗe manhajar agogo ka shiga sashen da ke nuna sifili a jere, 00:00. Alama mai kusurwa uku ita ce ta farawa, layuka biyu a tsaye su ne na dakatarwa. Idan za ka tafi sallah ko cin abinci, dakatar, ka ci gaba idan ka dawo. Ka yi hattara da madannin da ke gefe, domin shi ke share komai ya mayar sifili, kuma abin da ya share ba ya dawowa. Ɗauki hoton fuskar wayar kafin ka taɓa shi.

Sai dai wannan ƙidaya ba shaida ba ce, tunda kai kaɗai ka gan ta. Abin da ya fi ƙarfi shi ne saƙo. Da isarka wurin aiki, tura wa maigida ta WhatsApp: "Ranka ya daɗe, na fara aiki 08:10." Da ka gama ka sake turawa. Sa lokacin a cikin rubutun kansa, saboda idan babu data ko sabis ya yi rauni, saƙon zai tsaya da ƙaramar alamar agogo a gefensa, ya isa a makare. Wanda rubutu bai zauna masa ba tukuna ya yi saƙon murya, ya faɗi rana da lokaci da bakinsa. Duba kuma ko an kunna saƙonni masu ɓacewa a hirar. Idan an kunna, saƙonninka za su goge bayan awa 24, kwana 7 ko kwana 90.

Wurin da aka fi yin asara shi ne lissafi. Awa minti 60 ce, ba 100 ba. A ce an yi jinga a kan naira 1,000 kowace awa, ka yi aiki daga 08:10 zuwa 10:55. Awa 2 ke nan da minti 45. Wanda ya danna 2.45 a kalkuleta zai samu naira 2,450, alhali haƙƙinka naira 2,750 ne. Dalili shi ne minti 15 kwata ce, 0.25, minti 30 rabi, 0.5, minti 45 kuma 0.75. Aikin da ya tsallaka tsakar dare a raba shi biyu: daga 19:00 zuwa 12 na dare awa 5, daga nan zuwa 07:00 awa 7, jimla 12.

Tun kafin a fara, a yi magana kan gosulo, wato cunkoson motoci. Awannin da aka kwashe a kan gadar Third Mainland ɗauke da kayan maigida, na aiki ne ko a'a? A yanke, a rubuta a saƙo. Duk Juma'a kuma a kwafe awannin mako a littafi, domin waya tana faɗuwa, ana kuma sace ta a danfo, motar hayar Legas.

Aikin gida: wani ya fara aiki 13:20, ya dakata minti 20 don sallar la'asar, ya tashi 17:10. Awa nawa ya yi, kuma nawa za a biya shi idan kowace awa naira 800 ce?