Rediyon gida ga 'yan Kaduna sababbin zuwa Turai

'Yan uwa masu shirin tafiya karatu ko aiki, da waɗanda suka sauka kwanan nan, maganar rediyo zan yi, dan na san mu 'yan Kaduna da rediyo muka tashi. Garin da Rediyon Najeriya Kaduna ke magana tun 1962, ga Nagarta ga Alheri ga Freedom, mai shayi na ji, tela na ji, tsoho a ƙofar gida yana riƙe da Kchibo ɗinsa, to ba abin mamaki bane mutum ya shiga ɗaki a Manchesta ko Bamingam ya ji shirun ya masa yawa ya ce bari in nemi rediyo.

Farko dai dan Allah kar ka je Kasuwar Sheikh Gumi ka sayi sabuwa dan tafiya. Irin namu masu FM da AM da gajeren zango za su kama tashoshin FM a can, amma tashoshi da yawa a Ingila yanzu a kan DAB suke, wato rediyon dijital, BBC ta fara shi tun 1995. Shi babu murɗa allura ana neman lamba, kana kunnawa ka danna scan sai ta jero maka sunayen tashoshi a ɗan allonta ka zaɓa. Kuma in ka kwallafa rai a kan gajeren zango zai kawo maka BBC Hausa, ka sani eriyoyinsu Afirka ta Yamma suke kallo, ga bene ga wayoyin wuta ga kayan lantarki ta ko'ina, galibi shuuu kawai za ka ji.

Abinda nake so kowa ya gane kafin ya fidda ko fam ɗaya shi ne DAB ba za ta kawo maka Hausa ba. BBC World Service tana kai amma da Turanci take. Sashen Hausa na BBC da ke aiki tun 1957, da DW, da RFI da ta fara Hausa a 2007, da tashoshinmu na Kaduna masu watsa shiri ta intanet, duk ta intanet za ka same su. Saboda haka ka tambayi kanka, muryar gida nake nema ko ta garin da na sauka? In ta gida ce kaɗai wayarka ta ishe ka, ka haɗa ta da ƙaramar sifika, shikenan. Ni dai shawarata ka nemi rediyon da ta haɗa duka, DAB+ (sabon tsarin DAB) da FM da Bluetooth, da safe ka ji labarin garin da kake, da dare ka jona waya Hausa ta fito ta sifikar rediyon, uwargida tana kicin tana ji yara ma kunnensu na shan yaren. Akwai kuma masu Wi-Fi a ciki da ake cewa rediyon intanet, su kana ajiye tashoshin gida a maɓalli ba sai ka taɓa waya ba, sun fi tsada, amma in akwai dattijo a gidan, misali Hajiya ta zo wankan jego za ta yi wata uku ko huɗu, wallahi kuɗin bai faɗi ba, danna lamba ɗaya kawai za ta yi.

Kar kuma ka raina amfanin tashoshin can. Turancin da muka koya a makaranta daban, wanda direban bas a Libapul ko Gilasgo zai maka daban, kuma ban ga abinda ke buɗe kunne da sauri kamar barin BBC Radio 4 ko tashar BBC ta garinku tana magana kana wanke-wanke ba, nan za ka ji yadda suke gardama, yadda ake kiran waya ana ƙorafi kan kuɗin haya da asibiti, ka ji in dusar ƙanƙara ta sa an rufe makarantu ko jirgin ƙasa ba ya tafiya. Masu ƙwallo kuma tashoshin BBC 5 Live da talkSPORT suna kawo sharhin wasannin Firimiya kai tsaye kyauta, kuma a Ingila ba a biyan lasisi dan jin rediyo, an soke shi tun 1971, na talabijin ne ake biya. Jamus kam ba haka bane, kowane gida yana biyan Yuro 18.36 a wata ko kana da rediyo ko ba ka da ita, in wasiƙar ta zo kar ka jefar.

Yanzu alamar nan ta + da ke gaban DAB, ku kula da ita sosai. DAB+ sabon tsari ne kuma tashoshi da dama sun koma kansa, tsohuwar rediyo mai DAB zalla za ta iya nuna maka sunan tasha amma ba sauti. Nan sababbin zuwa ke faɗawa, mutum ya shiga shagon kayan gwanjo na sadaka ya ga rediyo ƙirar Roberts ko Pure mai kyau da araha ya ɗauka, ya zo gida rabin tashoshi shiru. Ka juya bayanta ko kwalin ka ga an rubuta DAB+, a Ingila akwai koren tambari mai alamar maki da suke sawa, shi ke nuna tana kama DAB da DAB+ da FM. A shaguna irin su Argos da Currys ƙarama mai kyau ba ta cika wuce fam 30 zuwa 50 ba.

FM ɗin ma kar ka yarda a ce maka ya tsufa. Da azumi a garuruwa masu Musulmi da yawa irin su Biradfod da Bamingam da Gilasgo ana buɗe tashoshin Ramadan na wata guda a kan FM, su sanar da sahur da buɗa baki, ga karatu ga wa'azi, a ƙasar da ba ka cika jin kiran sallah daga lasifika a unguwa ba wannan ba ƙaramin abu bane. Wasu masallatai ma suna da tasu 'yar na'urar da ake ajiyewa a gida tana kawo kiran sallah, ita daban ce da rediyo, a masallacin unguwarku za ka tambaya.

Sai maganar kamawa. FM in ya yi rauni yana shuuu amma kana ji, DAB kuwa ko ta fito tas ko ta riƙa ɓurɓur tana yankewa, kuma ɗakunan da sababbin zuwa suka fi samu, na ƙarƙashin ƙasa ko tsofaffin gidaje masu kaurin bango, su ne masu matsalar. Ka zaro eriyar gabaɗaya ka tsayar da ita, ka ajiye kusa da taga, nesa da cajar waya da kwamfuta. Akwai shafin intanet da ake sa lambar unguwa, postcode, ya nuna tashoshin da ke kaiwa wurinku. Shi ya sa na fi son a saya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka mayar in ba ta maka ba, ka dai adana kwali da rasit. In ka canza gari ka sake scan.

Batir, DAB na cinsa fiye da irin namu na gida, ka ɗauki mai caji ta USB ko ka bar ta a jone tunda ba a ɗauke wuta. Soket ɗin Ingila irin namu ne mai baki uku, Jamus da Faransa mai baki biyu zagaye.

Duk wannan na Ingila da Turai ne fa. Mai zuwa Amurka kar ya sayi DAB, ba sa amfani da shi, nasu HD Radio ne kuma wutarsu 120 ce ba 230 ba, Kanada ma FM da waya sun ishe ka. Ƙasar Nowe kuwa ta kashe FM na manyan tashoshinta tun 2017, can DAB+ dole ne. Jamus da Ostareliya ma DAB+ suke.

Agogo kuma, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris Ingila tana bayan Kaduna da awa ɗaya, shirin da ka saba ji takwas da rabi na dare bakwai da rabi zai same ka, sauran watannin lokacinku ɗaya da gida. Jamus akasin haka ne, da sanyi kuna daidai da Kaduna, da bazararsu suna gaba da awa ɗaya.