Idan an kama yaronki, fara da takardar haihuwa

Ranar da aka kama ɗan yayata a wani samame kan masu ƙwacen waya, shekararsa 16, amma aka rubuta 19 a takarda, don dogo ne kuma gemu ya fara fito masa. Saura ƙiris wannan ya kai shi kurkukun manya. Shi ya sa nake cewa, 'yar'uwa, share hawayenki ki lalubo takardar haihuwarsa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa tukuna. In babu, ɗauko katin rigakafinsa na asibiti ko takardar firamare mai ranar haihuwa. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai cika 18 ba yaro ne, ba a tsare shi wuri ɗaya da manya. Mu katin rigakafin ne ya cece mu, ya tsufa har ya yage, yayata ta ajiye shi a ƙarƙashin akwati.

Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya, ko biyu in kotun na da nisa. Kada ki bari ya sa hannu a bayani ba tare da babba ko lauya a wurin ba. In ba ki da kuɗin lauya, nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, na jiharku, ba sa karɓar ko sisi.

In kotu ta tura shi gidan ajiye yara, ki tambayi ranar ziyara da abin da aka yarda a shigo da shi. Ni sabulu nake kaiwa, da maganin ƙazuwa, da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da sukari. Ki riƙa rubuta ranar zaman kotu, ki je ko da za a ɗage. Waɗanda aka yanke wa hukunci, 'yan 16 zuwa 21, akan kai su gidan horo na Kaduna, Ilori ko Abeokuta, inda ake koyar da ɗinki da kafinta.

Yaran da na gani a ziyarata galibi maza ne da suka bar makaranta, ƙwaya ko faɗan daba ya kawo su, da yawansu jiran shari'a suke. Wanda ya fi tsaya min a rai wani almajiri ne, iyayensa ba su ma san an kama shi ba. Tun daga ranar, sabulu biyu nake kaiwa, na kuma rubuta sunan ƙauyensu na ba lauyanmu.