Yadda ake aiki da injin yanka da faskaren itace

Injin faskare ba shi da wuyar tayarwa, shi ya sa sababbin hannu ke raina shi. Kafin ka ja igiya da safe, duba baƙin mai da man haidurolik, wato man da ke ba injin ƙarfin turi, ka tabbatar injin na zaune daram a shimfiɗaɗɗen wuri. In ka ga tiyo na tsattsafo da mai, kada ka shafa da hannu wai kana neman inda ya huje. Man yana fitowa da ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama. Kwali ake karawa a gani. Bar injin ya yi ɗumi, ka tura silinda, wato ƙarfen da ke tura itace, gaba da baya sau biyu ba tare da itace ba.

Sai yanka da injin zarto mai sarƙa. Don girkin gida, santimita 30 zuwa 40 ya isa. Masu gidan burodi sun fi son dogo. Kakkaɓe yashin da ke jikin ɓawo tukuna, domin yashi ne ke dakushe sarƙar zarto tun kafin azahar. Kada ka zuba wa sarƙa tsohon baƙin mai don tsimi, kuɗin sabuwar sarƙa ya fi na man sarƙa tsada.

Abin da na fi ganin masu koyo na yi shi ne yankan karkace. Suna cewa ai na wuta ne, ko yaya aka yanka ya yi. To, a kan injin faskare ba haka ba ne. Silindar da ke turi da ƙarfin tan 20 ko fiye, in ta sami bakin gungume a karkace, sai gungumen ya zame ya yi tsalle, kuma wajen wanda ke tsaye yake nufa. Yanke bakin ya miƙe sak, ko da za ka sake yanka.

Wajen ɗorawa, riƙe gungume ta gefe da gefe. Hannu ba ya zuwa ƙarshensa, can tsakanin itace da gatarin injin ko farantin turi, ko da injin na tsaye. Kuma wanda ya ɗora shi ne zai ja liba, wato sandar da ke motsa silinda. Ban yarda da mutum biyu ba: wannan na gyara itace, wancan na jan liba, ana hira, nan yatsu ke tafiya. Tsagar da ta buɗe ma kada ka sa yatsa ciki, tana iya rufewa.

Darbejiya ba ta cika gardama ba. Ƙirya da marke kuwa, musamman busassu masu gurbin reshe, kada ka nufi tsakiyarsu. Fara ɓantara daga gefe, ko ka bi tsagar da itacen ya riga ya yi. In ka ji kukan injin ya canza kuma itacen bai motsa ba, saki liba, matsa masa sai dai ya zafafa mai. In gungume ya maƙale a gatari, kashe injin kafin ka buge shi ya fita.

Tabarau da takalmi mai ƙarfe a baki dole ne, silifa kam a'a. Kwashe fasassun daga ƙarƙashin ƙafarka a kai a kai. In an tashi, mayar da silinda ciki, kashe injin, ka motsa liba gaba da baya ƙarfin man ya sauka.